Goron da Tururuwa Ta Ƙi

Duk shekara in kwalejoji suka saki ɗalibai su je aikin koyo, wanda su suke kira aiti, ba na rasa yarinyar da za ta yi sallama a zaurenmu ta ce a wajena take so ta yi nata. Ba na korar kowa. Amma na san abin da ke kawo yawancinsu. Sun leƙo sun gan ni zaune a inuwa, ƙafa miƙe, kwando a gaba, rediyo yana ta magana, sai su ce ai wannan hutu ne, ga gida kusa, ba sai an hau mota zuwa Ojoo ba. Wata ma a gabana ta faɗa, tana dariya: "Mama, ai ko makaho zai iya tsince goro." Na matsa mata tabarma na ce ta zauna.

Ni mai ajiyar goro ce a nan Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa. Ba na saye, ba na sayarwa. Fatake ne suke sayowa daga ƙauyukan Yarabawa su kawo mini, ni kuma in riƙe musu shi da rai har lokacin da zai yi daraja a Arewa. Da rai na ce, don goro abu ne mai numfashi. In ka toshe shi ya yi gumi ya ruɓe, in ka sake shi ya bushe ya yanƙwane. Kayan aikin ba su da yawa: kwando, ganyen fita, igiya, tabarma, ƙaramar wuƙa, sai hannu. Hannun kuma ba a sa masa mai, ba turare, ba a taɓa gishiri a zo a taɓa goro. 'Yan matan da ke zuwa da dogayen farata, ranar farko nake miƙa musu reza.

Huhun farko da na taɓa buɗewa, ina amarya ne, ban daɗe da zuwa daga Gusau ba. Goggo Asabe, ƙanwar mahaifin maigidana, ita ce mai ajiyar gidan. Ta zube goron a tabarma ta ce in ware mata mai kyau da marar kyau. Na ware da ido, na ɗaga kai ina jiran yabo. Ta ɗauki ɗaya daga cikin masu kyauna, jajur, sumul, ta matsa shi da babban yatsa, sai ya lotsa, gari ya fito ta wata ƙofa da ba ta kai kan allura ba. "Wannan ita ce sankara, ƙwaron goro, Ladi," ta ce. "Tana shiga ba sallama. Ɗaya ya kwana a kwando, gobe ya yi maƙwabta." Daga nan ta koya mini juyi: a buɗe kwando lokaci-lokaci, a bi goro ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a fitar da mai ciwo, a sake ganye, a mayar. Ta koya mini raba marsa manya da minu ƙanana, fari da ja, sabo da daushe. Ta koya mini ɗaurin gidanmu, wanda dillalan Kano da Sakkwato suke gane shi daga nesa, ba sa ma buɗewa.

Akwai doka ɗaya da ta fi dukansu. Duk kwandon da aka juya, mai ajiya sai ta ɓare goro ɗaya daga ciki ta ci. Goggo takan ce abin da ba ka sa a bakinka ba, ba ka da hurumin sa shi a bakin wani. Harshenta yana gaya mata ko goro ya sha ruwa, ko an tsinke shi da wuri, ko ya kwana kusa da kananzir a mota. Shekaru na yi ina ɗanɗanawa tare da ita, har gyambon ciki ya kama ni, likita ya hana ni goro. Daga nan ɗanɗano ya koma wajen Goggo ita kaɗai, ni da juyi da ɗauri.

Masu kawo kaya kala-kala ne. Akwai wani Alhaji da ba ya son komai sai marsa fari don ɗaurin aure, in ya ga ja ɗaya a ciki sai ya yi kamar an zage shi. Akwai matan Yarabawa masu obi, wato goro, su zo da kwando a kai suna gaisuwar safe da yarensu, "Mama Rukayya, ekaro o," mu yi ciniki rabi da Hausa rabi da hannu. Akwai masu dako, 'yan Arewa, su sauke huhu su roƙi ɓari biyu na tsince su sa a kunci. Ba wanda ya taɓa maido mana da kaya.

Rukayya ita ce 'yata ta biyu. Da ta gama sakandare hanyoyi suka rabu a gabanta: ko ta jira jami'a, ko kwalejin horon malamai, ko makarantar jinya kamar yadda babanta ya so. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, ban iya zaɓa mata ba, na dai ce ta duba inda hannunta zai taɓa aiki. Ta zaɓi kwalejin noma, fannin adana amfanin gona. Tsarinsu shi ne a yi ƙaramar difloma, a fita a yi shekara a wurin aiki na gaske, sannan a dawo babbar difloma. Ta samu wuri a wani babban sito can gaba da Ojoo, inda ake tara koko da kashu da citta kafin a fita da su ƙasar waje. Ta tafi da farar riga a jaka. Suka haɗa ta da lebura, suka ba ta tsintsiya da wani tsinin ƙarfe da ake soka wa buhu a zaro samfur. Ranar da ta zo hutu na farko, ƙura har cikin gira, Goggo ta dube ta ta ce, "Maraba da likitar buhu. Wane buhu ne ya haihu yau?"

"Goggo, ke dai ki yi ta taunar goro har haƙoran su ƙare."

"Sun riga sun ƙare, ja'ira. Da dasashi nake aiki."

A shekarar ne damina ta ƙi ɗaukewa. Ganyen fita yana ruɓewa tun a hanya, bango yana tsatsafo da ruwa, sankara ta mamaye Sabo gida-gida. Ka buɗe kwando da safe ka tarar rabinsa ya zama gari, wani tsami yana tashi. Masu ajiya suna fitar da goro da faranti suna zubarwa a kwata. Mu ma ba mu tsira ba. Wani juyin, abin da na zubar ya fi abin da na mayar.

Cikin wannan halin wani dillali, Malam Ɗanjuma, ya zo da kaya daga kasuwar Shasha, masu dako suna biye da shi. Ya ce daga wani ƙauye mai nisa aka kawo, kuma bikin wani babban gida a Arewa aka yi wa tanadinsa, mu riƙe har a neme shi. Muka sa shi a ɗakin ƙurya, tsohon sito da ke manne da ɗakin Goggo.

Juyin farko ban sami ruɓaɓɓe ko ɗaya ba. Na ce sa'a ce. Juyi na biyu haka, na uku haka. Ganyen da ke jikinsa yana baƙi yana mutuwa, shi kuwa goron yana sheƙi kamar yanzu aka ɓare shi. Goggo ta ci, ta ce akwai ɗan baƙon ɗaci a ƙarshe, amma wata ƙasar haka goronta yake. Malam Ɗanjuma da ya ji labari ya yi murna, ya ce a ɗebar wa tsohuwa ƙwarya guda ta riƙa ci. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, wasu su ce albarka ce, wasu su yi ƙasa da murya su ce mutumin nan ba haka ya bar kayansa ba.

Ni abin da na fara lura da shi tururuwa ce. Ɗakin nan tun zuwana akwai layin tururuwa da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa ya bi gindin bango ya wuce. Wata safiya ina shara na ga layin ya iso kusa da kwandunan, ya yi kwana, ya zagaye su da faɗi kamar mutum ya ga rijiya, sannan ya koma hanyarsa. Bayan wani lokaci layin ya daina shiga gaba ɗaya. Tsakar da ke bango ta ɓace. Yanar gizo tana nan, ba gizon. Kyanwarmu, wadda a ɗakin nan take barcin rana, sai ta tsaya a bakin ƙofa, gashin bayanta a tsaye, ta juya. Ɗakin ajiya kullum yana da ƙananan motsi, wani abu na rarrafe, wani abu na ci. Wannan ya yi tsit. In na shiga juyi ba na jin komai sai numfashina da ƙarar goro yana taɓa goro.

Sai hannun Goggo ya fara rawa. Da fari koko ne yake zuba mata a zane, ta ce tsufa ne. Sai jiri. Sai wata rana da tsakar rana, rana ƙwal, na fito daga madafa na same ta ta ja tabarma zuwa ƙofar ɗakin ƙurya ta zauna tana kallon ciki.

"Sannunku da zuwa," take cewa. "Ya hanya? Ya kuka baro mutan gida?"

Na leƙa. Kwanduna ne kawai.

"Goggo, da wa kike gaisawa?"

"Ba ki gan su ba? Su Alhaji Mudi ne da yaransa. Kawo wa baƙi ruwa, Ladi, sun sha tafiya."

Alhaji Mudi bafatake ne da ya rasu a hanyar Jebba tun ina goyon fari. Ban yi mata musu ba. Na ɗebo ruwa a kofi na ajiye a bakin ƙofa. Ta zaro goro daga haɓar zaninta ta ɓare, ta miƙa rabi cikin ɗakin, ta ɗan jira, sannan ta sa ɗaya rabin a baki.

Kusan kullum haka, kuma sunayen suna ƙaruwa, duk matattu. Maigidana ya kira malam, aka yi addu'a, aka ba ta rubutu, aka turara ɗakin. Takan ɗan samu barci, amma washegari tana ƙofar. Abinci ta rage, goron ne dai ba ta fasa ba. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta faɗi a tsakar gida, jikinta yana jijjiga, kumfa a baki. Da ta farfaɗo ba ta san ta faɗi ba. Mata suka cika gidan, kowa da sunan da take ba abin.

Washegari Rukayya ta zo, don a Ojoo take kwana wajen 'yar'uwata, sai ƙarshen wata take leƙo mu. Ta zauna da Goggo, ta riƙe hannun yana karkarwa a cikin nata. Da ta fito na ja ta gefe na gaya mata duk abin da na gani: tururuwa, tsaka, kyanwa. Ban gaya wa kowa ba kafin nan, don kada a ce ni ma abin ya taɓa ni.

Ta ce, "Mama, me kuka sa wa goron nan?"

"Ganye da addu'a."

"Yaushe rabon ki tsinci ruɓaɓɓe a ciki?"

"Tun zuwansa ban tsinta ba."

Ta shiga madafa ta gutsuro sukari, ta ajiye kaɗan a bakin ƙofar ɗakin, kaɗan a kan murfin kwando. Muka tsaya. Kafin a kira la'asar na bakin ƙofa ya yi baƙi da tururuwa. Na kan kwando yana nan fari tas.

"Ye!" ta ce, ta dafa kai. Ta ba ni labari cewa a sitonsu an taɓa kawo wata citta da ɓera ya ƙi kusanta. Wata tsohuwar mai shara, Iya Bose, ita ta nuna mata, ta ce ta lura da kayan da ba abin da ke sha'awarsa. Da aka kai samfur ɗakin gwaji aka tarar an jiƙa ta da maganin feshin gona mai ƙarfi, aka hana cittar shiga cikin sauran kaya. Ba a aji ta ji wannan ba, ta ce, sai da ta riƙe tsintsiya. Amma kuma ba don aji ba da ba ta san abin da irin maganin yake yi wa jijiya da ƙwaƙwalwa ba.

Kai Goggo asibiti bai yi wuya ba. Raba ta da goron ne aiki.

"Likitar buhu, ke za ki koya mini goro? Ina wannan aikin uwarki ba ta san damanta da hagunta ba."

"Goggo, ba goron nake koya miki ba. Abin da aka zuba masa nake gaya miki."

"To su da suke ci, me ya same su?" Ta nuna ɗakin ƙurya da haɓa.

Rukayya ta dube ni. Na durƙusa na ce, "Goggo, su ai sun riga sun tafi. Ke muke so ki zauna." Ta ƙyale ni na kwance haɓar zanin. Muka sami wasu a ƙarƙashin matashi, wasu a cikin kwallar da take ajiye carbi. Ko a gadon asibiti sai da ma'aikaciyar jinya ta ciro ɓari guda daga kuncinta.

Rukayya ta ƙulle 'yan ƙwayoyi a leda ta kai wa shugabanta, ta roƙi a gwada. Ya yarda, ya ce ma ita za ta yi gwajin da hannunta yana tsaye. Abin da ta zata shi ne. An jiƙa goron a ruwan maganin da ake fesa wa gonar koko, irin wanda aka daɗe da hanawa, kuma ba da wasa aka zuba ba. Likitan da ke duba Goggo ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin.

Malam Ɗanjuma ya zo ɗaukar kayansa ana gobe mota za ta tashi. Na fito zaure da mayafi, maigidana yana gefe. Na gaya masa abin da aka gano. Ya ce shi haka ya saya, kuma a shekara irin wannan wa ba ya ɗan sa magani, mutane nawa ne suka ci ba su mutu ba. Na ce gaskiya ne, mai yiwuwa bai sani ba. Ya ce to a ɗaure masa. Na ce Goggo ta aiko daga asibiti cewa ba da ɗaurin gidanmu ba. Ya ce to a ba shi haka, zai sami mai ɗaurewa. Ban ɗaga murya ba. Na koma ciki na zaɓo marsa mafi kyau a kwandon, na goge, na ɗora a faranti na kawo masa.

"Malam, ka san dokar gidan nan, ba a sallamar kaya sai an ci. Mai ɗanɗanawa tana kwance, ni an hana ni. Bismilla."

Ya dubi goron. Goron yana sheƙi. Masu dakon da ya zo da su suna tsaye a ƙofa suna kallonsa. Sai ya gyara hula ya ce zai dawo. Bai dawo ba, ko aike bai yi ba.

Ba mu zuba shi a kwata ba saboda awaki da yara. Rukayya ta ce kada a ƙona, hayaƙin ma guba ne. Aka zuba a buhunan leda, aka haƙa rami mai zurfi a bayan gida jikin tsohuwar katanga, nesa da rijiya, aka binne. Muka wanke ɗakin, muka bar shi a buɗe. Sai da aka daɗe kafin tsaka ta koma bango.

Goggo ta dawo gida da ƙafarta. Baƙin nata sun daina zuwa, ko kuma ta daina faɗa. Rawar hannun ba ta tafi ba, harshen kuma ya mutu, fari da ja duk ɗaya suke a bakinta. Tun daga nan duk kayan da aka kawo sai ya kwana a zaure da gutsuren sukari a kai, wanda muka yi shakka a kansa Rukayya ta kai gwaji. Ta koma ta yi babbar diflomarta, a kan goro ta yi bincikenta na ƙarshe, yanzu ita ma ana turo mata ɗalibai.

Shi ya sa nake gaya wa 'yan matan nan, kowace hanya kuka bi, jami'a ko kwaleji, in lokacin aikin koyo ya zo kada ku nemi inda za ku zauna ƙarƙashin fanka kuna latsa waya. Ku je inda za a ba ku tsintsiya. Ku gaida mai shara. In wajena kuka zaɓa, to za ku juya kwando har yatsunku su yi ja, kuma ranar da kuka buɗe kaya kuka ga ba aibi ko ɗaya, ku taso ku kira ni.

Bayan binne goron nan, da damina ta sake zagayowa ta wuce, maigidana ya kira masu haƙa su yi mana sabuwar salga. Ina ɗauri na ji ɗayansu yana kira, "Hajiya, zo ki gani." Sun kauce daga inda aka nuna musu, diga ta huda buhu. Goron ya gangaro cikin jar ƙasa. Bai ruɓe ba, bai tsiro ba. Jajur yake, sumul, kamar jiya aka kawo. Ƙasar da ke kewaye da shi babu tana, babu gara, ko saiwar ciyawa ba ta ratsa ta ba. Masu haƙan suka fito daga ramin ba wanda ya ce su fito.

Ban ji tahowar Goggo ba sai da na ga sandarta a gefena. Ta daɗe tana kallon ramin. Sannan ta sunkuya a hankali ta ɗauki wanda ya gangaro bakin rami, ta goge shi da zani, ta ɗaga zuwa baki. Na riƙe wuyan hannunta. Yana rawa a cikin nawa.

"Ladi," ta ce, "ai ba a sallamar kaya ba a ci ba."

"Ba a sallame shi ba, Goggo. Nan zai zauna."

Ta dube ni, ta dubi ramin. Na buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya har goron ya faɗa ciki. Na ce wa masu haƙan su mayar da ƙasa, su kai salgar can wancan ɓangaren.